MA'ANA DA AMFANIN AIKATAU "TAKE OVER" NA INGILISHI DA MATSALAR FASSARA SHI ZUWA HAUSA: MISALAI DAGA ƘASAR KAZAURE DA BABURA

1.0 GABATARWA

Duk wanda ya taɓa koyar da fassara, ko ya zauna a ɗakin labarai na gidan rediyo, ya san cewa dogayen kalmomin Ingilishi na likitanci ko na shari'a ba su cika ba mai fassara wahala ba, domin galibi ma'anarsu ɗaya ce, ƙamus kuma yakan warware su. Waɗanda suka fi ɗaure kai su ne ƙananan kalmomi na yau da kullum, waɗanda ɗalibi ya san kowace ɗaya daga cikinsu tun yana firamare, amma da zarar an haɗa biyu wuri guda sai ma'ana ta sulluɓe masa. Ɗaya daga cikin irin waɗannan shi ne "take over", wanda da wuya a buɗe jaridar Turanci ta ƙasar nan ko littafin tarihi ba a ci karo da shi ba.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana ginin wannan aikatau da ma'anoninsa, sa'an nan ta nuna yadda Hausa take ɗaukar waɗannan ma'anoni. An ɗauko yawancin misalai daga ƙasar Kazaure da Roni da Gwiwa da kuma Babura, a arewa maso yammacin Jihar Jigawa, domin tarihin wannan yanki cike yake da canjin hannu na sarauta da mulki da ma'aikatu. Abin da za a tabbatar shi ne, Ingilishi yana iya faɗin "take over" ya yi shiru game da yadda abu ya bar wani hannu ya koma wani, amma Hausa ba ta ba mai fassara wannan dama. Tilas ya zaɓi kalma, zaɓin nan kuwa hukunci ne a kan mutane da tarihinsu.

2.0 AIKATAU MAI RAKIYA A INGILISHI

A nahawun Ingilishi akwai wani rukuni na aikatau da masana suke kira "phrasal verb". Aikatau ne da yake tafiya tare da wata 'yar ƙaramar kalma, kamar "up" ko "off" ko "out" ko "over", su biyun su haɗu su ba da ma'ana guda. A nan za a kira shi aikatau mai rakiya, ita kuwa ƙaramar kalmar a kira ta 'yar rakiya. Sai dai fa wannan 'yar rakiya ta bambanta da ɗan rakiyar da Hausawa suka sani, wanda ba shi da ta cewa, domin sau da yawa ita ce take juya akalar ma'ana.

Su kansu Turawa sun daɗe da lura da wuyar wannan rukuni. Samuel Johnson, a gabatarwar ƙamusunsa na 1755, ya ambata cewa irin wannan haɗi shi ne ya fi wahalar da baƙi masu koyon Ingilishi. Sunan da ake kiran rukunin da shi yanzu ya fara bayyana a rubuce cikin littafin Logan Pearsall Smith na 1925, sa'an nan a 1971 Dwight Bolinger ya wallafa littafi sukutum a kansa.

Bahaushe bai kamata ya yi mamakin wannan ba, domin harshensa yana da makamancinsa. Baƙon da ya san ma'anar "ci" ya kuma san ma'anar "amana", wannan sani ba zai kai shi ga ma'anar "cin amana" ba. Haka abin yake ga "sha kashi" da "kama hanya" da "buga waya" da "yanke ƙauna". Bambancin kawai shi ne, Hausa ta fi haɗa aikatau da suna, Ingilishi kuwa ya fi haɗa aikatau da 'yar rakiya. Saboda haka ɗalibin da ya fassara "take" da "ɗauka", ya fassara "over" da "bisa", ya fito da "ɗauka bisa", daidai yake da Baturen da ya zaci mai cin amana yana tauna wani abu ne.

2.1 GININ "TAKE OVER" A CIKIN JIMLA

Wannan aikatau yana zuwa so-karɓau, yana kuma zuwa ƙi-karɓau. Idan karɓau suna ne, ana iya ajiye shi bayan 'yar rakiya, ana kuma iya cusa shi tsakaninta da aikatau:

(1) The government took over the school.
(2) The government took the school over.

Jimlolin nan biyu ma'anarsu ɗaya. Amma idan karɓau wakilin suna ne, wurinsa ɗaya ne tak, watau tsakiya. Jimla ta (3) daidai ce, ta (4) kuwa karyayya ce, shi ya sa aka sa mata tauraro:

(3) The government took it over.
(4) *The government took over it.

Idan aikatau ya zo ƙi-karɓau, yakan tsaya shi kaɗai, ko ya ɗauki "from" domin nuna wanda aka canza, ko "as" domin nuna muƙamin da aka hau:

(5) The army has taken over.
(6) The son took over from his father.
(7) He took over as district head.

Sauyin lokaci a jikin "take" kaɗai yake faɗawa, watau "take" da "took" da "taken". 'Yar rakiya ba ta sauyawa. Akwai kuma suna da aka samo daga wannan aikatau, ana rubuta shi a haɗe, "takeover". A wajen furuci, ana danna murya a kan "over" idan aikatau ne, a kan "take" idan suna ne.

Wajibi ne kuma a rarrabe tsakanin wannan aikatau da wani gini mai kama da shi, inda "over" take riƙe da ma'anarta ta asali ta ƙetarawa daga wani wuri zuwa wani:

(8) The driver took the millet over to Babura.
Direba ya kai geron Babura.

A nan babu batun mulki ko iko. Ɗaukar kaya ne kawai a kai wani gari.

3.0 MA'ANONIN "TAKE OVER"

Tushen ma'anar shi ne iko a kan wani abu ya bar hannun wani ya koma hannun wani. Daga wannan tushe ne rassa biyar suka fito.

3.1 Gado da canjin shugabanci bisa ƙa'ida

Wannan shi ne inda wani ya hau matsayin da wani ya bari, ta hanyar rasuwa ko ƙarewar wa'adi. A masarautar Kazaure, Dambo ya hau gadon mahaifinsa Ɗantunku a 1824, ya yi sarauta har 1857. Haka nan a 1998 Alhaji Najib Hussaini Adamu ya zama Sarkin Kazaure bayan rasuwar mahaifinsa Alhaji Hussaini Adamu. Marubucin Turanci zai iya cewa kowanensu "took over from his father". Hausa a nan tana da kalmarta ta musamman:

(9) Dambo ya gaji mahaifinsa.
(10) Ya hau gadon sarauta a 1824.

Idan kuwa mulkin zaɓe ne, ba a cika amfani da "gado" ba sai a harshen jarida. Ranar 29 ga Mayu, 2015, Alhaji Muhammad Badaru Abubakar, mutumin Babura, ya karɓi ragamar mulkin Jihar Jigawa daga hannun Alhaji Sule Lamido, shi kuma ya miƙa wa Malam Umar Namadi ranar 29 ga Mayu, 2023. "Karɓa" da "miƙawa" a nan tagwaye ne, kamar yadda "take over" da "hand over" suke a Ingilishi. Inda aka ji ɗaya, ana sa ran ɗayan.

3.2 Kama mulki da ƙarfi

Aikatau ɗin nan dai shi ake amfani da shi inda babu miƙawa sam. Ranar 3 ga Fabrairu, 1903, rundunar Turawan Ingila ta shiga Kano da yaƙi. Ranar 29 ga Yuli, 1975, sojoji suka kawar da Janar Yakubu Gowon, Murtala Muhammad ya zama shugaban ƙasa. A ƙetaren iyakar da Babura take kai, a watan Afrilu na 1974, Seyni Kountché ya kifar da gwamnatin Diori Hamani ta Jamhuriyar Nijar. Duk waɗannan ana iya faɗinsu da "took over", amma Hausa sai ta rarraba:

(11) Turawa sun ci Kano da yaƙi.
(12) Sojoji sun ƙwace mulki.
(13) Soja sun yi juyin mulki a Nijar.

Abin lura shi ne, bayan kisan Murtala ranar 13 ga Fabrairu, 1976, Olusegun Obasanjo shi ma "took over" aka ce ya yi. Kalma ɗaya ke nan ta Ingilishi ta ɗauki hawan Murtala da hawan Obasanjo, alhali kuwa na farko juyin mulki ne, na biyu maye gurbin shugaban da aka kashe ne. Mai fassarar da ya ce Obasanjo ya ƙwace mulki a 1976 ya yi wa tarihi ƙarya.

3.3 Hukuma ta mayar da ma'aikata ƙarƙashinta

Wannan ma'ana ta yawaita a Turancin Nijeriya tun daga shekarun 1970. A 1975 Gwamnatin Tarayya ta mayar da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ƙarƙashinta. Misali mafi kusa ga wannan yanki shi ne kwalejin kimiyya da fasaha ta Kazaure, wadda gwamnatin jiha ta kafa a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa daga Jihar Kano. A 2007 ta koma hannun Gwamnatin Tarayya, tana ɗauke da sunan Sarki Hussaini Adamu. Makaranta ba ta gusa daga inda take ba, abin da ya sauya hannu shi ne mallaka da biyan albashi da naɗin shugabanni. Tun da abu ne da ya gudana tsakanin gwamnatoci biyu bisa ƙa'ida, fassarar da ta dace ita ce:

(14) Gwamnatin Tarayya ta karɓi kwalejin.
(15) Kwalejin ta koma ƙarƙashin Gwamnatin Tarayya.

Ita kuwa Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021, ba a amfani da "take over" a kan kafuwarta, domin sabuwa ce. Abin da 'yan jarida sukan faɗa game da sabuwar ma'aikata shi ne "take off", watau fara aiki. Sauyin 'yar rakiya daga "over" zuwa "off" ya isa ya raba karɓar tsohuwar ma'aikata da tashin sabuwa.

A fagen ciniki ma haka ne. Idan wani kamfani ya sayi mafi yawan hannun jarin wani har ya sami ikon juya shi, Turawa sukan kira wannan "takeover". Bahaushe sai ya ce wancan kamfani ya saye wannan.

3.4 Karɓar aiki daga wanda ya gaji ko ya tashi

Wannan ita ce ma'ana mafi sauƙi, ita ce kuma aka fi ji a bakin ma'aikata. Malamar asibiti mai aikin dare tana karɓar mai aikin yamma. Yaron mota da ya iya tuƙi yana karɓar maigidansa a doguwar tafiya.

(16) Let me take over. You are tired.
Kawo in karɓe ka, ka gaji.
(17) The night nurse takes over at nine.
Mai aikin dare tana karɓar aiki da ƙarfe tara.

A lura da wani bambanci a misali na (16). Ingilishi yana karɓar aiki ne daga mutum, Hausa kuwa tana iya karɓar mutumin kansa: "in karɓe ka", "in canje ka". Daga nan ne aka sami "karɓeɓeniya", irin wadda mata suke yi a bakin turmi, da "karɓa-karɓa" da ake faɗa a siyasa.

3.5 Mamaya

A nan aikau ba lalle ya zama mutum ba. Ciyawa ko annoba ko wani hali na zuciya yana iya yaɗuwa har ya rinjayi wuri ko mutum. Manomin gero da dawa a Roni ko Gwiwa ya san abin da ƙuduji yake yi wa gonar da ta gaji:

(18) Witchweed has taken over the farm.
Ƙuduji ya mamaye gonar. Ko kuwa: Ƙuduji ya cinye gonar.
(19) Traders have taken over the road.
'Yan kasuwa sun cinye hanya.
(20) Anger took over.
Fushi ya ci ƙarfinsa. Ko kuwa: Zuciya ta ɗebe shi.

"Karɓa" ba ta shiga ko ɗaya daga cikin waɗannan. Wanda ya ce ƙuduji ya karɓi gona ya mayar da shi sabon ɗan haya.

4.0 INDA HAUSA TAKE AJIYE ABIN DA INGILISHI YA ƊORA WA 'YAR RAKIYA

Tun daga aikin F. W. Parsons na 1960, manazarta Hausa suka saba da kasa aikatau zuwa giredi bakwai, bisa la'akari da wasalin ƙarshe da karin sauti. Idan aka duba da kyau, za a ga cewa yawancin aikin da 'yar rakiya take yi a Ingilishi, ƙarshen aikatau ne yake yin sa a Hausa. Inda Bature zai ƙara "up" ya nuna an gama da abu kaf, Bahaushe sai ya koma giredi na huɗu: saya ta zama saye, ci ta zama cinye. Inda Bature zai ƙara "back" ko "here" ya nuna an nufo mai magana, Bahaushe sai ya koma giredi na shida: saya ta zama sayo, koma ta zama komo.

Tushen "karɓ-" da tushen "ƙwat-" su ne suka fi ɗaukar nauyin "take over", kowanensu kuma yana sauya ma'ana da sauyin giredi:

karɓa, giredi na biyu: amsar abin da aka miƙo.
karɓe, giredi na huɗu: raba mai abu da abinsa baki ɗaya.
karɓo, giredi na shida: zuwa a amso a kawo.
ƙwata, giredi na biyu: amsa da ƙarfi.
ƙwace, giredi na huɗu: amshewa da ƙarfi, ba a bar kome ba.
ƙwato, giredi na shida: dawo da abin da aka rasa ko aka hana.

A gwada waɗannan jimloli biyu:

(21) Gwamnati ta karɓi makarantar.
(22) Gwamnati ta karɓe makarantar.

Wasali ɗaya ne ya raba su, amma mai sauraro ya san cewa a ta farko an miƙa ne, a ta biyu kuwa akwai wanda aka bari yana cizon yatsa. Jimlar Ingilishi ta (1) tana ɗaukar duka biyun ba tare da ta fifita ɗaya ba.

Akwai wani tarko kuma da ya shafi rubutu. Aikatau ɗan giredi na biyu yakan ƙare da wasalin "e" idan wakilin suna ya biyo shi a matsayin karɓau, saboda haka "karɓa" takan zama "karɓe" a "ta karɓe ta". Shi ma ɗan giredi na huɗu "ta karɓe ta" ake rubuta shi. A baki ba a rikita su, domin na giredi na biyu karinsa ƙasa-sama ne, na giredi na huɗu kuwa sama-ƙasa ne. Amma rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti. Sakamakon haka, mai fassara yana iya rubuta abu da nufin an miƙa, mai karanta labarai ya ɗaga murya a gaɓar farko ya mayar da shi an amshe. Maganin wannan shi ne mai rubuta wa rediyo ya maimaita sunan, ya ce "ta karɓi makarantar", domin a nan wasalin "i" ya kawar da shakka.

5.0 INDA FASSARA TAKE ZAMA HUKUNCI

Akwai al'amuran tarihi da su kansu waɗanda abin ya shafa ba su yarda da juna a kan yadda aka yi ba. A irin waɗannan ne shirun Ingilishi yake zama mafaka ga marubuci, rashin shirun Hausa kuma ya zama nauyi a wuyan mai fassara.

Misali na farko shi ne kafuwar masarautar Kazaure. Bayan Ibrahim Dabo ya zama Sarkin Kano a 1819, Ɗantunku ya ƙi yi masa mubaya'a, aka yi shekaru ana gwabzawa, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya shiga tsakani, aka bar wa Ɗantunku ƙasarsa. Marubucin Turanci yana iya cewa Ɗantunku "took over" garuruwan arewacin Kano ya wuce abinsa. Mai mayar da wannan Hausa kuwa, idan ya ce "ya ƙwace", ya ɗauki muryar fadar Kano, wadda ta ɗauki al'amarin tawaye. Idan ya ce "ya ƙwato", ya ɗauki muryar Kazaure, ya nuna hakki ne aka dawo da shi. Idan ya ce "ya ci garuruwan", ya tsaya ga harshen yaƙi na wancan zamani, wanda yake faɗin wanda ya yi rinjaye ba tare da ya ce wane ne mai gaskiya ba. A rubutun ilimi wannan na ukun ya fi kusa da adalci.

Misali na biyu shi ne ikon En'e. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta cire kotunan alƙalai da 'yan doka da gidajen yari daga hannun hukumomin En'e na Arewa, sa'an nan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙara rage ikon sarakuna a harkar mulki. Wannan ya shafi Kazaure kamar yadda ya shafi sauran masarautu. A takardar gwamnati, "ta karɓi kotuna" za a rubuta. A bakin bafade kuwa, "an karɓe kotuna" za a ji. Kowace jimla daidai take a nahawu, amma kowace tana da mai ita.

Misali na uku ya shafi ƙasa baki ɗaya. Bayan kashe-kashen 15 ga Janairu, 1966, Manjo Janar Aguiyi-Ironsi ya zama shugaban ƙasa. Sanarwar da aka yi a lokacin ta nuna cewa ragowar ministoci ne suka miƙa wa soja mulki da yardarsu, amma wasu daga cikin waɗanda suka halarci zaman sun bayyana daga baya cewa tilas aka yi musu. "Ironsi took over" ta haɗiye wannan gardama duka. Mai fassara da yake son ya tsira da mutuncinsa yana iya kauce wa "karɓa" da "ƙwace" gaba ɗaya, ya ce "mulki ya koma hannun Ironsi", sa'an nan ya kawo bayanin ɓangarorin biyu. Wannan gini na "ya koma hannun wane" shi ne mafi kusa da shirun Ingilishi, domin ya mayar da mulki aikau, ya ɓoye yadda aka yi.

6.0 KURAKURAN DA AKA FI SAMU WURIN ƊALIBAI

Na farko shi ne rikita "take over" da "overtake". Kalmomin da suka gina su iri ɗaya ne, an dai sauya musu wuri, amma ma'anarsu ta yi hannun riga. "Overtake" shi ne mota ta sha gaban wata a kan hanya, abin da direbobin hanyar Kano zuwa Kazaure da Daura suka ara suke kira obatekin. Ɗalibin da ya rubuta cewa babbar mota "took over" ƙaramar mota kusa da Ɗambatta, ya ce ne babbar ta karɓe ikon ƙaramar, alhali nufinsa ta wuce ta.

Na biyu shi ne irin jimla ta (4), watau ajiye wakilin suna bayan 'yar rakiya. Dalilin wannan kuskure a fili yake. A Hausa wakilin suna karɓau yana bin aikatau ne bayan an gama furta shi, ba ya shiga cikinsa, shi kuwa ɗalibi ya ɗauki "take over" kalma guda, saboda haka ya jera ta yadda zai jera "karɓe ta".

Na uku shi ne yar da "from". "He took over from his brother" na nufin ya canji ɗan'uwansa a wani matsayi. Idan aka cire "from", jimlar ta koma cewa ya mallake ɗan'uwan nasa. Shi ma wannan tasirin Hausa ne, domin "ya gaji ɗan'uwansa" da "ya canji ɗan'uwansa" ba su bukatar "daga".

Na huɗu, wanda ya fi sauran illa, shi ne riƙe fassara guda a yi ta maimaita ta ko'ina. Ɗalibin da ya haddace cewa "take over" ita ce "ƙwace" zai sa ɗan sarki ya ƙwace gadon ubansa, ya sa malamar asibiti ta ƙwace aikin dare. Wanda kuma ya haddace "karɓa" zai wanke kowane mai juyin mulki, ya mayar da shi wanda aka miƙa wa.

7.0 KAMMALAWA

Daga abin da ya gabata, ana iya fitar da tambayoyi uku da mai fassara zai yi wa kansa duk lokacin da ya ci karo da wannan aikatau. Wane ne aikau, mutum ne ko hukuma ko wani abu marar hankali? Me ya sauya hannu, sarauta ce ko mulki ko ma'aikata ko aiki ko wuri? Shin akwai wanda ya miƙa, ko babu, ko kuwa ana gardama a kan haka? Amsar tambaya ta farko takan raba "mamaye" da "cinye" daga sauran. Amsar ta biyu takan raba "gada" da "saye" da "canza". Amsar ta uku ita ce take raba "karɓa" da "karɓe" da "ƙwace", kuma sau da yawa ba a samunta a cikin jimlar da ake fassarawa, sai an karanta sakin layin duka, wani lokaci ma sai an koma ga littattafan tarihi.

Wannan yana nuna cewa darasin fassara a sassan Hausa na jami'o'i bai kamata a raba shi da darasin giredin aikatau ba, domin ɗalibin da bai ji bambancin "karɓi" da "karɓe" a kunnensa ba, ƙamus ba zai cece shi ba. Yana da kyau kuma ɗalibai masu neman batun kundin digiri su bi sauran aikatau masu rakiya da suka yawaita a labarai, kamar "hand over" da "step down" da "carry over" da "call off", su tattara yadda gidajen rediyo da jaridun Hausa suke fassara su, su gwada da yadda mutanen Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa suke faɗin waɗannan al'amura a fada da kasuwa da gona.